Shekara huɗu da kamfanin masu gadi a ƙofar makarantata

Wata ƙawata mai makaranta a Daura ta kira ni makon jiya, tana tambaya ko ta ɗauki kamfanin da ke yi mini gadi, domin sun kai mata takardarsu har ofis. Na ce mata maganar ta fi ƙarfin waya, ta bari in zauna in rubuta mata a tsanake. Da na fara rubutun sai na ga ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba, masu makarantu da masu asibitoci da masu shaguna da yawa a garin nan suna kan wannan gaɓa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, kuma har gobe muna tare.

Makarantata nazare ce da firamare, a nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, yara 260 a zangon da muke ciki. Shekara tara muna da maigadi ɗaya tilo, wani dattijo daga wani ƙauye ta hanyar Batagarawa, kowa Baba yake ce masa. A ɗakin ƙofa yake kwana, a nan yake sallolinsa, kuma idan damina ta faɗi yakan roƙe ni kwana uku-uku ya je ya duba gona, ƙaninsa ya zauna masa. Ba mu taɓa rubuta komai tsakaninmu ba. Albashinsa a hannu nake ba shi, idan matarsa ba lafiya ni ce asibiti, idan salla ta zo akwai shaddarsa.

Daren 11 ga Disamba 2020 ne ya sauya mana lissafi, ranar da aka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashe yara sama da 300. Allah ya sa aka sako su bayan kusan mako guda, amma hankalin iyaye bai dawo ba. Mu makarantar jeka-ka-dawo ce a cikin birni, ba ta kwana ba, amma uwar da ta ji wannan labari ba ta tsayawa wannan bambance-bambancen. A taron iyaye da malamai na farkon Janairu wani uba ya miƙe ya ce, “Hajiya, ba raini ba ne, amma tsoho ɗaya da sanda ba zai tsare mana yara ba.” Babu wanda ya musa masa, ni ma ban musa ba.

Kamfanoni uku na zagaya. Wannan na zaɓa saboda dalili biyu. Na farko, su kaɗai suka ciro mini lasisinsu ba tare da na matsa ba. Ga wanda bai sani ba, akwai dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu. Dokar ta hana masu gadinsu riƙe bindiga, saboda haka duk kamfanin da ya yi miki alkawarin kawo mai bindiga, ki tashi daga ofishinsa. Na biyu, manajan ya zo makarantar da ƙafarsa, ya zagaya katanga, ya nuna mini inda bishiyar dalbejiya ta jingina da bango ta baya, ya ce a sare reshen kafin su fara aiki. Shekara tara ina wucewa ta wurin ban taɓa kallon reshen nan a matsayin tsani ba.

Muka yi yarjejeniya a kan mutum uku, ɗaya da rana, biyu da dare, kowanne naira 45,000 a wata. Da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda aka ƙara daga kashi 5 a 2020, abin da nake turawa ya kama 145,125. Na roƙe su su ɗauki Baba cikin mutanensu, suka ce shekarunsa sun wuce kuma ba ya iya rubutu a rajistar baƙi. Na so in sallame shi da ɗan abin hannu, sai maigidana ya ce in bar shi ko da sharar harabar ce ya riƙa yi. Na bar shi a kan rabin aiki, daga safe zuwa tashi.

Bari in fara da abin da suka iya, domin suna da shi, kuma ba kaɗan ba ne.

Ban ƙara kwana da tunanin ƙofa babu kowa ba. Ranar da maigadin dare ya kwanta da zazzaɓi, kafin isha'i sun turo wani. A da, idan Baba ya kwanta, sai in roƙi mai shagon da ke kallonmu ya riƙa leƙawa. Suna da sufabaiza da ke zagayawa a kan babur tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa uku na dare, yana sa hannu a littafi, kuma na gwada shi: sau biyu na sa ƙanena ya tsaya daga nesa cikin mota, duka biyun ya zo. Sun kuma san 'yan sintirin unguwa da ofishin 'yan sandan yankinmu, abin da ni mace da ke fama da allo da rajista ba zan iya ƙullawa ba.

Babban abin da ya sa na yarda da su shi ne satar batir. A daminar 2022 aka haura ta baya aka ɗauke batiran sola biyu daga ɗakin kwamfuta. A cikin yarjejeniyarmu akwai sakin layi da ya ce duk abin da aka sata a lokacin aikinsu, muddin yana cikin jerin kayan da muka sa wa hannu tare, su za su biya. Na yi zaton za a yi ta kai-komo. Manajan ya zo da safe, ya duba sawun ƙafa, ya karɓi rasit, cikin mako uku aka kawo sababbi. Da Baba ne ke gadi a daren, da sai dai in ce Allah ya mayar da alheri, domin ba zan iya buɗe baki in ce dattijon da albashinsa bai kai kuɗin batir ɗaya ba ya biya ni. Wannan ne ainihin abin da mutum yake saye idan ya miƙa aiki ga kamfani, wato samun wanda zai iya ɗaukar asara a madadinsa. Ga wannan kam sun cika.

Sai dai a kan wannan satar ne kuma na gano abin da ya hana ni barci fiye da ɓarayin.

An tabbatar masu gadin biyu barci suke yi lokacin da aka shiga. Kamfani ya ce zai kore su. Ɗaya daga ciki, yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ya tsaya a ƙofar ofishina bayan an tashi, hularsa a hannu. Na ce ya shigo. Ya durƙusa ya ce, “Ranki ya daɗe, na yi laihi, ban musu ba. Amma wallahi wata biyu ke nan ba a ba mu ko sisi ba. Da rana leburanci nika yi wurin gini, shi ya sa dare ke kada ni.” Na tambaye shi nawa ne albashinsa idan an biya. Ya ce dubu ashirin da biyu.

Ni kuwa ban taɓa wuce 25 ga wata ban tura kuɗinsu ba. Na buɗe waya na nuna masa, ya kalla ya yi shiru. Wato daga 45,000 da nake bayarwa da sunansa, ƙasa da rabi ke isa hannunsa, shi ma ba a kan lokaci ba. A lokacin mafi ƙarancin albashi a doka 30,000 ne tun 2019, kuma kamfanin da ke da ma'aikata 25 ko fiye ba ya cikin waɗanda dokar ta ɗauke wa. Su kuwa mutanensu sun fi haka nesa ba kusa ba. Shekara ɗaya da rabi yaron nan yana gaishe ni kowace yamma, ina amsawa ina shiga mota, ban taɓa tambayarsa ko an biya shi ba, saboda na ɗauka wannan ba maganata ba ce tunda na ba da kwangila.

Washegari na tafi ofishinsu. Zan yi wa manajan adalci, bai yi mini ƙarya ba, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko takarda ya yi mini lissafi: kaki kala biyu a shekara, takalmi, tocila, man babur ɗin sufabaiza da albashinsa, mutumin da ke zaman jiran ko wani zai yi fashi, hayar ofis, sabunta lasisi, da abin da suke warewa saboda irin asarar batirina. Na yarda waɗannan kuɗi ne na gaske. Da na zo kan jinkirin albashi sai ya sauke numfashi ya ce, “Hajiya, ke kina biya. Amma akwai manyan wurare da muke gadi da suke riƙe mana kuɗi wata huɗu, wata biyar. In naki ya shigo sai mu raba, mu toshe inda ya fi ƙuna.” Ashe kuɗin da iyayen yarana ke biya ana yi wa waɗansu manyan ofisoshi ciko da shi, yaron da ke ƙofata kuma yana ɗaukar bulo da rana.

Na fahimci matsin da yake ciki, amma ban karɓi uzurin ba. Na ce masa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma gumin nan a harabata ya zuba. Idan aka tsaya gaban Allah ban san yadda zan ce na tura wa kamfani ba alhali ina ganin mutumin kullum.

A nan zan ɗan kauce. Ba da aiki ga wani ba sabon abu ba ne a wurinmu. Mahaifiyata tana da awaki da tumaki da ta ba da kiwo a ƙauye, ana raba 'ya'ya bisa ƙa'idar da aka yi. Surfe ma bayarwa ake yi, haka wanki, haka noman ƙodago. Amma ta san gidan mai kiwon, ta san mahaifiyarsa, idan ya zo birni a zaurenmu yake cin tuwo. In akuya ta mutu zai kawo shaida, in shekara ta yi tsanani ita za ta fara aika masa da hatsi, domin ta san makiyayin da ke jin yunwa ba ya riƙe amanar dabba. Abin da kamfani ya kawo shi ne mutum na uku a tsakiya, da takarda. Takardar tana kare mai ba da aiki, na gani a kan batir. Amma ita ce kuma ta zama labule tsakanina da wanda ke yin aikin. Haka ake yi a bankuna, inda za ki ga yarinya a kanta sanye da kayan banki alhali wani kamfani daban ne ya ɗauke ta, albashinta bai kama ƙafar na wadda ke kujerar kusa da ita ba.

Muka sake yarjejeniya. Na ƙara kuɗi zuwa 50,000, da sharaɗin a rubuta baƙi da fari cewa 32,000 na maigadi ne. Kafin 5 ga kowane wata sai an nuna mini shaidar banki cewa kuɗin ya shiga asusun kowannensu, in ba haka ba na wata mai zuwa ba zai fita daga hannuna ba. Na kuma nemi kada a kori yaran nan biyu. Manajan ya yi jim, ya ce babu wanda ya taɓa neman ganin albashin ma'aikatansu. Daga baya ya yarda. Tun daga lokacin sau biyu kawai aka saɓa, ɗaya a cikinsu lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ne, da manhajojin banki suka riƙa tsayawa, wannan kuwa kowa ya sha.

Matsala ta biyu ita ce sauya fuska, kuma har yau ba ta warke sarai ba. A shekara biyun farko na ƙirga mutum goma sha ɗaya da suka tsaya a ƙofata. Wani ya samu aiki mai ɗan gwaɓi, wani ya koma gona, wani an ɗauke shi an kai wani wuri ba tare da an gaya mini ba. Ga ma'ajiyar kaya wannan ba komai ba ne. Ga makarantar yara ƙanana babban abu ne, domin aikin ƙofa a lokacin tashi sanin fuska ne: wane ne uban wane, wace yarinya ce yayarta ke ɗauka, wane mai kurkura ne aka yarje wa ya kwashi yaran gida kaza.

Wata Laraba Baba ya tafi jana'iza, maigadin rana kuma kwanansa uku da zuwa. Wani mutum ya zo ya kira sunan wani yaro ɗan aji ɗaya, yaron ya ruga ya riƙe hannunsa, maigadi ya buɗe musu. Bayan minti goma sai ga uwar yaron. Rabin sa'ar da ta biyo baya ba na fatan ko maƙiyina ya gan ta. Uwar ta zube a ƙasa, malamai suka bazu cikin unguwa, ni hannuna na rawa na kasa latsa lamba. Ashe kawun yaron ne ya zo daga Funtua, ya ce bari ya yi wa 'yar'uwarsa ba-zata. Alhamdu lillahi. Amma da wani ne, haka za a buɗe masa. Da Baba ya dawo ya ji labari sai ya ce, “Ai da ina nan da na tsai da shi, ban san shi ba.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ɗauki tsintsiyarsa.

Laifin rabi nawa ne, domin ban yi katin ɗaukar yara ba sai bayan wannan. Rabi nasu ne, domin sun turo sabon mutum ba sanarwa ba horo. Yanzu a rubuce yake cewa ba za a sauya maigadin rana ba sai an ba ni mako guda, kuma sabon zai yi kwana biyar yana tsayawa tare da Baba. Na lura kuma tunda albashi ya daidaita, tafiyar ta ragu ƙwarai. Yaron nan da ya durƙusa a ofishina yana nan har yau, ya yi aure, ya daina zuwa wurin gini.

Sai maganar tsada, wadda ƙawata ta fi damuwa da ita. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1,000. Wata bai cika ba sai ga wasiƙarsu, suna neman 75,000. Muka yi ciniki muka tsaya a 65,000, maigadi 44,000. Da aka sa hannu a kan sabon mafi ƙarancin albashi na 70,000 a Yulin 2024, suka dawo da 110,000. Wannan karon mun fi wata guda muna ja, har na je na sake jin farashin waɗansu kamfanoni. Akwai wanda ya ce zai yi mini a 60,000. Na tambaye shi nawa zai ba maigadi, ya ce wannan sirrin kamfani ne. Na gode masa na fito. Araha ba ta ado, kuma na riga na san daga jikin wa ake yanko irin wannan arahar.

Mun tsaya a 100,000, maigadi 70,000. Mutum uku da haraji 322,500 ke nan a wata, 3,870,000 a shekara. Kuɗin makaranta sau uku yake shigowa, gadi kuwa wata goma sha biyu ne, har da dogon hutu da babu ko yaro ɗaya a harabar. In aka raba a kan yara 260, kusan naira dubu biyar ke nan a kan kowane yaro a kowane zango. Dole na ƙara kuɗin makaranta. Na tara iyaye na rubuta musu lissafin a allo, lamba bayan lamba. Mafi yawa suka amince, gida shida suka cire yaransu, kuma na san biyu daga ciki ba son ransu ba ne, ƙarfi ne ya ƙare. Wannan ya yi mini ciwo har yanzu.

Akwai ƙananan abubuwa da suke ci mini tuwo a ƙwarya. Rigar ruwa sai an yi ruwa uku kafin a kawo. Batirin tocila sau da yawa ni ke saye. Lambar ofishinsu ba a ɗauka bayan la'asar, sai dai ki riƙe ta sufabaiza. Horon da suke cewa suna bayarwa na mako biyu, abin da na gani bai wuce fareti da yadda ake sara wa baƙo ba. Yadda ake magana da uwar da ta zo a fusace, ko abin yi idan yaro ya faɗi a ƙofa, mu muka koya musu.

To, 'yar'uwa, amsar tambayarki: ki ɗauke su. A cikin waɗanda na gani a Katsina su ne suka fi tsayawa a kan abin da suka sa wa hannu, kuma manajansu mutum ne da ake iya zama da shi a faɗa masa gaskiya. Amma kada ki sa hannu a takardar da suka kawo miki yadda take. Ki sa a rubuta abin da zai shiga hannun maigadi da ranar da zai shiga, ki nemi ganin shaida kowane wata, ki yi jerin kayanki ku sa hannu tare, ki hana sauya mutumin rana ba da saninki ba. Ki tambaye su wa zai riƙa zagayen dare a Daura, domin sufabaizan da ke Katsina ba zai yi tafiyar sama da sa'a guda a kan babur cikin dare don ya sa hannu a littafinki ba. In kuma kina da tsohon maigadi da ya san yaranki, kada ki sallame shi.

Yarjejeniyarmu za ta ƙare a watan Disamba. Na riga na rubuta musu cewa a sabuwar ina son a sa fansho, tunda dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, kuma babu ko ɗaya cikin ukun da ke ƙofata da ke da asusun. Na nemi kuma a ba kowannensu hutun kwana ɗaya a mako a rubuce, ba sai ya roƙa ba. Manajan ya ce zai kai wa mai kamfanin. Na san idan suka yarda wani ɓangare na kuɗin a kaina zai dawo, na kuma fara lissafin inda zan rage. Mako uku ke nan ina jiran amsarsu.